Bonet Mai Ɗumi

Mun isa Setúbal bakwai saura,
hazo bai gama tashi daga bakin teku ba,
ƙaurin kifin da aka gasa jiya na maƙale a lungu.
Ga ta can, ja wur, a ƙofar garejin Baltazar,
kujera biyu kacal, hanci a ƙasa
kamar kyanwar da ta hango tsuntsu.
Shekara shida ina tara yuro saboda wannan safiya.

Gwaggona Ermelinda ko kallon fentin ba ta yi ba.
Shekara talatin da ɗaya tana gyaran injin jiragen masunta,
ɗan alinta guntu ne, bel ya cinye rabi.
Ta ɗora tafin hannu a kan bonet
kamar uwa mai taɓa goshin ɗa da tsakar dare.
"Da ɗumi," in ji ta. "Wa ya tashe ta kafin mu zo?"
Baltazar ya ce wanki kawai ya yi, ya ɗan matsar da ita.
Gwaggo ta ce, "To. Mu je mu sha kofi."

Awa uku muna zaune a shagon kan kwana.
Ni ina ƙirga motocin da ke wucewa,
ita tana ɓare biredi, ba ta gaggawa.
"Inji mai zafi ya iya ƙarya," ta ce,
"da sanyin safe ake jin tarin mai ciwo."

Da muka koma ƙarfe ya huce.
Na murɗa makulli.
Kar-kar-kar, daƙiƙa uku,
kamar tsakuwa a cikin gwangwani,
sannan murya ta daidaita, mai kauri, mai daɗi,
irin wadda ke sa mutum ya manta bashi.
Ni muryar na ji.
Ita tana tsugune a baya, tana kallon salansa:
hayaƙi shuɗi, siriri, ya fito ya yi sallama ya ɓace.

Ta zaro sandar awon mai, ta shafa a farin ƙyalle,
ta kai hanci, ta murza tsakanin yatsu.
Ta leƙa murfin lagireto ko akwai kumfa. Babu.
Ta kafa bakin sukundireba a jikin inji,
ta manna ƙotar a kunne, ta rufe ido,
har na zaci addu'a take.
Fulogi shida ta kwance ta jera a kan jarida.
Biyar launin toka.
Na biyu daga ƙarshe baƙi ƙirin, jiƙe da mai,
kuma allurar ma'auni da ta zo kansa
ta hau rabi, ta tsaya, ta ƙi gaba.

Littafin sabis kuwa tsaf yake, hatimi bayan hatimi,
har zuwa wani Maris. Daga nan fararen shafuka.
Baltazar ya cire hula.
"Ta ƙanena ce, Leonel. Shi ke rubutawa.
Tun da ya rasu, Lahadi Lahadi nake fita da ita,
in mai ya ragu in ƙara.
Na ɗumama ta ne don kada ta ji kunya gaban baƙi."

Ba wanda ya ce uffan.
Wani jirgin ruwa ya yi kuka daga tasha.

Gwaggo ta juya rasidin kofi,
ta rubuta kuɗin ringi, kuɗin gaskit, kuɗin hannu,
ta ja layi, ta miƙa mini.
Adadin ya kusa rabin abin da ke aljihuna.
"Ba a cinikin biri a sama," ta ce a hankali,
"ga shi mun sauko da shi. Sauran naka ne."

A jirgin ƙasa ta yi barci, baki buɗe.
Ambulan na nan a ƙirjina, ko tsinke bai ragu ba.
Na shinshina yatsuna, warin baƙin mai.
Lambar Baltazar na bayan rasidin,
kuma har muka wuce Pinhal Novo
ban yaga ba.